Albashin wata-wata, hayar shekara-shekara: Me ya sa masu gidajen Abuja ke gudun ma'aikacin gwamnati?

Gundumar Jabi na cikin wuraren da Gwamnatin Tarayya ta jibge manyan ofisoshinta a shekarun baya-bayan nan. A nan hedikwatar Hukumar EFCC take tun 2018, a nan hedikwatar Jami'ar Karatu-daga-Gida ta NOUN take, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke karɓar marasa lafiya dare da rana. Sai dai duk wanda ya tsaya a tashar Jabi da misalin ƙarfe biyar na yamma zai gane cewa mafi yawan masu riƙe da waɗannan ofisoshi ba a Jabi suke kwana ba. Tururuwa suke yi zuwa Kubwa da Lugbe da Dutsen Alhaji da Zuba, wasu har Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a Jihar Neja.

Dalilin da ake bayarwa a kullum shi ne tsadar haya, kuma gaskiya ne. Amma akwai shinge na biyu da ba a cika magana a kansa ba, wanda ke jiran ma'aikaci ko da ya yi adashi, ya ci bashin ƙungiyar tsimi da tanadi ta ofis, ya haɗa kuɗinsa cif. Shingen kuwa tambaya ce guda da dillali ke yi kafin ya buɗe ƙofar gida: “A ina kake aiki?” A kan amsar ake yanke hukunci. Naira dai naira ce a hannun kowa, amma hanyar da ta bi ta shiga aljihun mai nema ita ke sa a miƙa masa makulli ko a ce masa an riga an kama gidan.

A wasu ƙasashe an raɗa wa wannan ɗabi'a suna, wato wariya kan tushen kuɗin shiga. An yi dokokin haramta ta, masu gidaje kuma sun yaƙi dokokin a kotuna da majalisu. A Abuja ba a kai ga yin dokar ba tukuna, kuma wannan jinkiri dama ce ta duba inda wasu suka yi tuntuɓe. Darasin da ke fitowa daga wurinsu guda ne: dokar da ta hana mai gida zaɓen ɗan haya, ba ta kuma cire masa abin da yake tsoro ba, a takarda take ƙarewa.

Matakan daraja a kasuwar haya

Kasuwar haya a Jabi da Utako da Wuye da Kado tana da nata matakan daraja kamar yadda aikin gwamnati ke da nasa, illa dai nata ba a rubuce suke ba. A sama akwai kamfanoni da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje, masu biyan shekara biyu a dunƙule, su kuma gyara gida da kuɗinsu. Shi ya sa tallace-tallacen gidaje a intanet suke yawan ɗauke da sharaɗin cewa kamfani kawai ake so. Bayansu sai ma'aikatan banki da na kamfanonin mai da na sadarwa. Ma'aikacin gwamnati daga baya yake zuwa, shi ma sai an tambayi wace ma'aikata. Matsayin wanda ke hukumar tara kuɗin shiga daban, na wanda ke tsantsar ma'aikata yana jiran albashin mataki na 8 daban.

A can ƙasa kuma akwai waɗanda sau da yawa ba a ma tsayawa jin ta bakinsu. Ɗan fansho, saboda an san yadda haƙƙinsa ke maƙalewa. Mai shago a kasuwar Utako, saboda ba shi da takardar albashi. Matashin da ke aikin kwamfuta ana biyansa daga waje, saboda ana masa kallon ɗan damfara. Mai kaki da lauya, saboda ana hangen ranar da za a ce su tashi. Sai mace marar aure, wadda ake fara tambayar wanda ke ɗaukar nauyinta kafin a tambayi aikinta.

Hadiman 'yan majalisa da na ministoci suna da tasu matsalar ta daban. Aikinsu a ɗaure yake da kujerar maigidansu. Ya faɗi zaɓe, ko kotu ta soke zaɓensa, ko a yi garambawul a majalisar ministoci, shi ke nan albashi ya tsaya. Masu gidaje kuma sun ga yadda hadiman Majalisar Tarayya suka sha yin zanga-zanga kan bashin albashi da alawus. Saboda haka duk lokacin da shekarar zaɓe ta ƙarato, sai hadimi ya zama ɗan hayar da ake ɗari-ɗari da shi.

Abin lura shi ne wannan wariya ba ta ma buƙatar a furta ta, domin sharaɗin biyan shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya ya wadatar. A ƙaddara gida ne da hayarsa naira miliyan 1.2 a shekara, wato naira 100,000 a wata. Ma'aikacin da ke ɗaukar naira 300,000 zai iya biyan wannan duk ƙarshen wata ba tare da ya ci bashi ba. Amma idan aka ce ya kawo na shekara, aka ɗora kashi 10 na dillali, kashi 10 na lauya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna, to yana neman kusan naira miliyan 1.5, albashinsa na wata biyar cur, bai ci ba bai sha ba. Ba a ce masa ba a son ma'aikacin gwamnati ba. An dai kafa sharaɗin da mai albashin wata ba zai iya cikawa ba.

Yadda gwamnati ta sauke nauyin

Ba a haka Abuja ta faro ba. Lokacin da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, fahimtar da ake kai ita ce gwamnati ke ba ma'aikacinta muhalli. A kan haka aka gina rukunan gidajen ma'aikata a Garki da Wuse da Karu da Kubwa. A 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da alfarmomin ma'aikata kuɗi, wato maimakon gida da mota, a zuba wa ma'aikaci alawus a cikin albashi. Daga 2005, zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i ke Ministan Abuja, aka shiga sayar da gidajen gwamnati, inda ma'aikatan da ke zaune a ciki suka samu damar saye.

Tsarin yana da hujjarsa, domin kula da gidajen ya zama kafar zurarar kuɗin gwamnati. Amma ya raba ma'aikata gida biyu. Waɗanda suka sayi gidajen sun zama masu gida, wasunsu ma a yau su ne masu ba da haya. Waɗanda aka ɗauka aiki daga baya kuwa an miƙa su ga kasuwa, riƙe da alawus ɗin da aka narkar a cikin albashi, hauhawar farashi kuma ta bi ta lashe. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000, ko da an tara shi shekara guda ba a taɓa ko kwabo ba, naira 840,000 ne.

Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cirar kashi 2.5 na albashi dominsa. Akwai Hukumar Ba Ma'aikatan Tarayya Lamunin Gida, akwai kuma shirin FISH na Ofishin Shugaban Ma'aikata. Dukkansu mallakar gida suka sa a gaba, abin da ke ɗaukar shekaru. Tambayar da ta fi kusa ita aka bari a baya: a ina ma'aikaci zai kwana kafin ya mallaki nasa?

Giɓin da ke cikin doka

Wanda aka hana gida saboda sana'arsa ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci sana'a ko tushen kuɗin shiga ba, kuma lafazinsa ya karkata ne ga dokoki da ayyukan gwamnati. Sashe na 16 ya ɗora wa gwamnati samar wa 'yan ƙasa muhallin da ya dace, sai dai yana cikin Babi na Biyu, wanda kundin da kansa ya hana kotuna tilasta aiwatarwa. Ita kuwa Dokar Karɓar Gida Daga Hannun Ɗan Haya da ake aiki da ita a Abuja, magana take a kan yadda ake fita daga gida, ba yadda ake shiga ba.

Ga kuma wani sarƙaƙiya da ta keɓanta da Abuja. Babban Birnin Tarayya ba shi da majalisar dokokin jiha. Sashe na 299 ya danƙa wannan aiki ga Majalisar Tarayya. Ma'ana, dokar da za ta daidaita haya a Jabi sai ta bi ta hannun 'yan majalisa 469, waɗanda uku kacal daga cikinsu ke wakiltar Abuja, sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu. Sauran ba su da ƙuri'ar nema a Karmo ko Gwagwa.

An taɓa gwadawa. A farkon 2022, Sanata Smart Adeyemi mai wakiltar Kogi ta Yamma ya gabatar da ƙudirin da zai taƙaita kuɗin hayar da ake biya gaba a Abuja zuwa wata uku ga sabon ɗan haya, daga nan a koma biyan wata-wata. Hujjarsa ita ce ma'aikata albashin wata suke karɓa, kuma tilasta musu biyan shekara na tura wasu ga cin hanci. Ƙudirin ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa a watan Maris na shekarar, duk da adawar Sanata Chimaroke Nnamani, wanda ya ce kasuwa ya kamata a bari ta yi halinta. Daga nan aka miƙa shi ga kwamiti. Majalisa ta Tara ta kammala wa'adinta a Yunin 2023 ba tare da ya zama doka ba.

Masu gidajen Abuja ba su shigar da ƙara ba, ba su yi zanga-zanga ba, domin ba su buƙaci hakan ba. A garin da manyan jami'ai da 'yan siyasa ke cikin manyan masu gidaje, adawa ba sai ta ɗaga murya ba. Jinkiri kaɗai ya ishe ta makami.

Abin da masu gidaje ke tsoro

Kuskure ne a ɗauka cewa duk mai gida azzalumi ne. Da yawansu tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a gini, hayar ita ce fanshonsu na gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma koke-kokensu sun cancanci a saurara.

Na farko shi ne wahalar fitar da wanda ya daina biya. A dokar da ake aiki da ita, ɗan hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata shida, in ba an yi wata yarjejeniya daban ba. Bayan ya cika sai a ba shi na kwana bakwai, sannan a tafi kotu, inda ɗage zama da ɗaukaka ƙara kan ci watanni, wani lokaci shekaru. Kuskure ɗaya a rubutun notis na iya mayar da hannun agogo baya. Duk tsawon wannan lokaci mai gida na kallon gidansa ba ya samun ko sisi. Kuɗin shekara da yake karɓa gaba, a wurinsa, inshora ce.

Na biyu shi ne darajar naira. Kuɗin da za a biya a wata na goma sha biyu ba zai sayi simintin da zai saya a wata na farko ba. A lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, mai gini ba shi da bashin banki mai sauƙi, sai ya mayar da ɗan haya bankinsa.

Na uku ya shafi tambayar tushen kuɗi kai tsaye. Dokar Hana Zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga wanda ya bari ana amfani da gidansa wajen damfara yana sane, kuma Hukumar EFCC ta sha gargaɗin masu gidaje a kan haka. Don haka mai gidan da ya tambayi sana'ar mai nema yana iya cewa umarnin hukuma yake bi. Na huɗu shi ne nauyin da gwamnati ke ɗora musu. A Maris na 2025 Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya soke takardun filaye 4,794 saboda rashin biyan harajin fili na shekaru. Gwamnatin da ke neman nata a kan lokaci, in ji su, ba ta da bakin ce musu su yi haƙuri da nasu.

Duk waɗannan hujjoji ne na neman tabbaci. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya zama hujjar yanke wa jinsin mutane hukunci a dunƙule. Mai gida na da haƙƙin sanin ko wannan mutum zai iya biya, ko kuɗinsa na halal ne. Rufe ƙofa ga duk ɗan fansho ko duk hadimi ko duk ɗan kasuwa, tun ba a duba takardunsa ba, wani abu ne daban. Abin mamakin ma shi ne ma'aikacin gwamnati shi ya fi kowa sauƙin bincike. Albashinsa a rubuce yake, ofishinsa ba ya ƙaura, korarsa daga aiki ba ta da sauƙi. Ma'aikacin banki da ake fifitawa a kansa ana iya sallamarsa da wasiƙa guda.

Yadda aka fafata a Amurka

Ƙasar da wannan rikici ya fi fitowa fili ita ce Amurka. Tun 1974 gwamnatin tarayya ke da shirin tallafin haya da ake kira Sashe na 8, wanda iyalai sama da miliyan 2 ke amfana da shi. Ɗan haya na biyan kimanin kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, gwamnati ta cika wa mai gida sauran. Amma Dokar Adalci a Gidaje ta 1968 ba ta ambaci tushen kuɗin shiga ba, don haka masu gidaje da dama ke ƙin karɓar masu takardar tallafin. Sai jihohi da birane suka shiga yin nasu dokokin, Jihar Masacusets na cikin na farko tun 1971.

Ƙungiyoyin masu gidaje sun mayar da martani ta hanya biyu. Ta farko kotu. Birnin Pitsbag ya yi dokarsa a 2015, ƙungiyar masu gidaje ta kai ƙara, Kotun Ƙolin Jihar Pensilbeniya ta soke dokar a 2021 bisa cewa birnin ya wuce hurumin ikonsa. Ta biyu majalisar jiha. Birnin Ostin ya yi dokarsa a ƙarshen 2014, majalisar Jihar Teksas ta zartar da dokar hana birane yin hakan a 2015. A 2024 majalisar Jihar Kentaki ta yi watsi da ƙin amincewar gwamna, ta rushe dokokin biranen Luwibil da Leksintin. Hujjar masu gidajen kusan iri ɗaya ce a ko'ina: ba talaka suke gudu ba, hulɗa da gwamnati suke gudu, da binciken gida, da cike-ciken takardu, da jinkirin biya. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa bin gwamnatin Najeriya bashi.

Inda dokar ta zauna da gindinta, an haɗa ta da lamuni. Jihar Oregon, da dokarta ta fara aiki a 2014, ta kafa asusun da a farkonsa yake biyan mai gida har dala 5,000 idan ɗan hayar tallafi ya ɓata masa gida. Jihar Washintan ta bi wannan sawu a 2018. An hana mai gida wariya, an kuma nuna masa inda zai kai kukansa idan ya yi asara. A Ingila ma, wata kotu a birnin Yok ta yanke a 2020 cewa ƙin ba masu karɓar tallafin gwamnati haya ya saɓa wa doka, sannan sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya ta Oktobar 2025 ta haramta hakan ƙarara, ta kuma taƙaita kuɗin da ake karɓa gaba zuwa na wata ɗaya.

Darasin Legas da Gana

Ba sai an tsallaka teku ba kafin a ga makomar dokar da ba ta da haƙora. A 2011 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu kan Dokar Haya ta Jihar Legas, wadda ta haramta karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku. An cire unguwannin Ikoyi da Biktoriya Ailan da Apapa da rukunin manya na Ikeja daga cikinta. Ta kuma ɗora laifi a kan ɗan hayar da ya biya fiye da ƙa'ida. To wa zai kai ƙarar kansa? Inda masu neman ɗaki suka fi ɗakunan yawa, mai nema da kansa ke roƙon a karɓi na shekara biyu kada wani ya riga shi.

A Gana, Dokar Haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata shida, amma mazauna Nima da sauran zangon Ankara sun san cewa na shekara biyu ake nema. Bayan shekara 60 ana karya dokar, a Janairun 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin da ke biya wa mai albashi kuɗin haya a dunƙule kai tsaye ga mai gida, shi kuma ya riƙa mayarwa wata-wata. Ko ba komai, an fahimci cewa cutar rashin jituwar lokacin albashi da lokacin haya ce, kuma barazanar ɗauri ba ta warkar da ita.

Makullin yana hannun gwamnati

A nan Abuja ke da abin da Legas da Ostin ba su da shi. Gwamnatin da za ta yi dokar ita ce kuma babbar mai ɗaukar ma'aikata a garin, ita ke riƙe da albashinsu ta tsarin IPPIS tun 2007. Ta wannan tsari ake cirar haraji da fansho da kuɗin ƙungiya da bashin masu ba da lamuni. Babu dalilin da zai hana a riƙa cirar kuɗin haya ta nan, da yardar ma'aikaci, a tura wa mai gida duk wata. Idan aka jingina wannan da asusun lamuni da zai cike giɓi a watan da albashi ya makara, ko ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ko ta hukumar bashin masarufi ta CREDICORP da aka kafa a 2024, ma'aikacin gwamnati zai tashi daga ɗan hayar da ake gudu ya koma wanda ake rububi. Ga hadimai kuwa, kuɗin sallamar da ake biya a ƙarshen wa'adi na iya zama jingina.

Sai dai da sharaɗi biyu. Ƙungiyoyin ma'aikata sun daɗe suna kukan cewa ana cirar kuɗi daga albashi a riƙe shi ba a tura wa masu shi a kan lokaci ba. Idan aka yi wa masu gidaje haka sau biyu, shirin ya mutu. Dole doka ta ƙayyade ranar turawa da hukuncin jinkiri. Na biyu, Dokar Ƙwadago ta iyakance abin da ake cira daga albashi ga kashi ɗaya bisa uku a wata, kuma irin wannan iyaka ya kamata ta tsare ma'aikacin da bashi ya riga ya yi wa katutu.

Abu na gaba shi ne kotun haya ta musamman, mai wa'adin yanke hukunci cikin makonni. Ita ce amsar babban tsoron mai gida, ita ce kuma garkuwar ɗan hayar da ake cire wa rufin ɗaki ko a datse masa ruwa da wuta don ya tashi. A nan akwai tarkon da masu rubuta ƙudiri za su kiyaye. A dokar yanzu, ɗan hayar wata notis na wata ɗaya kawai yake da shi. Idan aka koma biyan wata-wata ba tare da an fayyace cewa yarjejeniyar ta shekara ce ba, an gudu ba a tsira ba, domin an sauƙaƙa wa ma'aikaci shiga an kuma sauƙaƙa korarsa.

Ita kanta dokar hana wariya gara ta zama taƙaitacciya. Ta ce halastaccen kuɗin shiga, ko albashi ko fansho ko ribar kasuwanci ko alawus, ba zai zama dalilin hana haya ba. Ta bar wa mai gida damar neman shaidar iya biya da ta halascin kuɗi, amma da ma'auni ɗaya ga kowa. Ta fara da dillalai da tallace-tallace, domin abin da aka rubuta a talla ya fi sauƙin kamawa a kan abin da aka raɗa a kunne. Ta kuma ɗaga ƙafa ga wanda ke zaune a gidansa yana hayar ɗaki ɗaya ko biyu.

Akwai kuma zumar da za a iya lasa wa masu gidaje. Sabuwar Dokar Haraji da ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2026 ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya a shekara, iyakarsa naira 500,000, a cire daga kuɗin da ake yanka wa haraji. Wannan zai sa ma'aikata su riƙa neman rasit na gaskiya, wanda wasu masu gidaje ba za su so ba. Idan aka yi wa mai gidan da ya yarda da biyan wata-wata nasa rangwamen a harajin fili ko na kuɗin shiga, ɓangarorin biyu sun samu dalilin fitowa fili.

Duk wannan ba zai maye gurbin gina gidaje ba. Muddin ɗakuna sun yi ƙaranci, mai gida zai samu hanyar zaɓe. Rukunin gidaje 753 na Lokogoma da kotu ta ƙwace ta hannun EFCC a Disambar 2024 ya nuna cewa kuɗin gini ba su yi ƙaranci a Abuja ba, inda suke tafiya ne abin tambaya. Amma gini aikin shekaru ne, gyaran doka da na tsarin albashi kuwa aikin watanni ne.

Wa'adin Majalisa ta Goma zai ƙare a Yunin 2027. Waɗanda ke rubuta ƙudirori da takardun shawarwari, su tsara jadawalin zaman kwamiti, su tunatar da maigida abin da ya manta, su ne hadimai da ma'aikatan da ke fitowa daga Masaka tun da asuba. Ƙudirin Adeyemi yana nan a kundin majalisa, giɓinsa kuma a bayyane yake: ya ce wa mai gida ya saki, bai nuna masa abin da zai kama ba. Wanda zai farfaɗo da shi ya fara da zama da ƙungiyoyin ma'aikata da Ofishin Akanta Janar da masu gidajen kansu, tun kafin guguwar zaɓe ta ɗauke hankalin kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.